Dara Ta Ci Gida: Wasannin Dabara na Waya da Kwamfuta a Gidajen Sakkwatawa

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu maza da mata, malamanmu, wakilan rassa da suka taso daga Legas da Abuja da Kaduna da Kano da sauran garuruwan da neman abinci ya kai mu, 'yan'uwa Sakkwatawa na gida da na waje, barkanmu da sake haɗuwa, da fatan kowa ya baro iyalinsa lafiya.

An ɗora mana nauyin yin magana a kan wasa. Mun san a cikin wannan zaure akwai wanda zai ce a ransa, duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasa a rasa abin da za a tara dattawa a kansa sai wasan yara? Muna roƙon mai wannan tunani ya ara mana kunnensa na ɗan lokaci. Wasan da muke nufi ya daɗe da fita daga hannun yara kaɗai, kuma abin da yake ci a gidajenmu ba kaɗan ba ne: barci ne, da karatu, da albashi, a wasu gidajen ma har da zaman aure. Muna magana ne a kan wasannin bidiyo na waya da kwamfuta, musamman waɗanda ake kira wasannin dabara, wato waɗanda mutum ke kafa gari, ya tara dukiya, ya haɗa runduna, ya yi mulki, ya ci ƙasashe, duk a kan gilashin da bai wuce tafin hannu ba.

Basakkwace ba baƙon wasan dabara ba ne. Wanda ya tashi a Kanwuri ko Rijiyar Ɗorowa ko Ƙofar Marke a shekarun baya ya san dara, ko bai iya ba ya tsaya kallo. A tona gurbi 30 a ƙasa, layi 5 kowanne da gurbi 6. Wannan ya riƙi tsinken kara 12, wancan ya riƙi tsakuwa 12, a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya har hannu ya ƙare, sannan a shiga turawa, wanda duk ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. 'Yan'uwanmu Dakarkari na ƙasar Zuru sun yi suna a kanta, Zabarmawa kuma suna kiran ta dili. Wasa ne na lissafi da haƙuri da karanta zuciyar wanda ke zaune gabanka. Ba kuma za mu wanke ta tas ba, domin ita ma ta sha cinye wa mutane yini. Kowace unguwa tana da labarin magidancin da aka aiko wa yaro sau uku daga gida bai tashi ba.

To amma dara tana da shingayen da ke tsare mai yin ta ko bai so ba. Ba a yin ta sai da mutum, mutum kuwa yana gajiya, yana jin yunwa, yana da gidan komawa. Ba a yin ta a ɓoye. A gindin itace ake zama ko a bakin zaure, 'yan kallo na sa baki, dattijo na wucewa yana ganin wanda ya dasa kansa a wurin tun hantsi. Uwa uba, dara tana ƙarewa. In ɗaya ya rage da 'ya'ya biyu an tashi wasa. In rana ta faɗi ba a ganin gurbi. In aka kira salla sai a sa ƙafa a share ƙasa, duk dabarar da aka yini ana ƙullawa ta koma rairayi. Wannan ƙarewa muke so a riƙe a zuciya, domin a kanta sauran maganarmu ta rataya.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma a shekarun da suka biyo baya gidajen gem suka bazu a unguwanni irin su Mabera da Runjin Sambo da Arkilla, inda yaro zai biya kuɗin karawa ɗaya ta ƙwallon ƙafa a PlayStation. Iyaye sun yi kuka da su a lokacin, amma su ma suna da iyaka: kuɗin aljihu ya ƙare, man janareta ya ƙare, mai shago ya ja ƙofa. Abin da ya sauya lamarin shi ne zuwan wayoyin Android masu araha, da suka ɗauko gidan gem ɗungurungum suka sa shi ƙarƙashin matashin kai. Sannan ga zaman gida na dole da ya faɗo wa matasanmu a jere. An rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malaman jami'o'i suka yi yajin aikin kusan wata 9 a wannan shekarar, suka sake yin na wata 8 a 2022. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsu na sauran jami'o'i suka dawo ɗaki ba aji ba aiki, a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40, inda ba mai sha'awar leƙa waje da rana. Ɗabi'u da yawa da muke fama da su yau a wancan zaman aka dasa su.

Domin iyayenmu da ba su taɓa leƙa fuskar wayar ba, bari mu ɗan bayyana irin waɗannan wasanni. Akwai na kwamfuta, irin su Civilization, wanda Sid Meier ya fitar a 1991, da Age of Empires, da Victoria. A cikinsu mutum yana riƙe da al'umma guda tun tana ƙauye, ya shirya mata noma da kasuwa da ilimi da yaƙi har ta zama daula. Akwai kuma na waya, irin su Clash of Clans da Lords Mobile da Rise of Kingdoms, inda ake gina gari a kare shi daga harin wasu mutane na gaske da ke wasu ƙasashe. Abin da zai ba wasunmu mamaki shi ne mu ma muna ciki. A 2021 masu Age of Empires III suka ƙara Hausawa cikin al'ummun da ake iya wasa da su, da barade masu lifidi da maharban Fulani. Victoria 3, da ya fito a 2022, yana farawa ne daga shekarar 1836, kuma Daular Sakkwato tana cikin ƙasashen da ɗan wasa zai iya zaɓa ya mulka. Wato shekarar ƙarshe-ƙarshe ta zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Civilization VII na 2025 ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin jerin shugabanninsa. Saurayin da ke zaune a Gawon Nama yana tura rundunar Sakkwato a kan taswira da ƙarfe biyun dare ba shashasha ba ne. Ya samu abin da ya taɓa zuciyarsa ne, kuma wajibi ne mu yarda da haka kafin mu ce masa komai.

Saboda haka ba mu zo mu ce waɗannan wasanni shirme ne ba. Suna koyar da tsara abu kafin a yi shi, da tattalin abin da ke hannu, da Turanci, da taswirar duniya. Mun ga yaran da suka fara jin sunan Askiya na Songhai da Mansa Musa na Mali a bakin wasa kafin su ji a bakin malamin tarihi. Damuwarmu a kan yadda aka ƙera su ne.

Mu ɗauki Civilization. Masu yin sa a duk duniya suna da wata magana da suke yi wa kansu ba'a da ita, wai bari in ƙara taku ɗaya in tashi. Dalilin da ya sa takun ɗayan nan ba ya ƙarewa a fili yake. Kasuwar da kake ginawa saura taku 2 ta kammalu, ganuwa saura 5, masana da ka sa binciken ƙarfe saura 8, rundunar da ka tura kuma tana gab da isa. Kafin kasuwa ta kammalu ka riga ka aza harsashin wani abu. Babu wani lokaci da duk ayyukan za su ƙare tare har zuciya ta ce to, a nan ya dace a tsaya. Kamar manomin fadama ne da ya shuka albasa da tumatir da tattasai da barkono, kowanne da ranar nunarsa, kullum akwai abin cirewa gobe. Bambancin kawai shi ne shi manomi rani na ƙarewa, damina ta kore shi daga fadama. Wasa ɗaya cikakke na Civilization taku 500 ne, yana iya cin kwanaki, kuma da an gama akwai wata al'umma da ba a gwada ba tukuna.

Na waya sun fi wannan wayo. Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar a 2012, shi ne misalin da aka fi sani. Duniyar da ke cikinsa ba ta rufewa. Kana barci ana iya kai wa garinka hari a kwashe abin da ka tara. Ginin da ka fara yana da agogonsa, wani sa'o'i, wani kwanaki, kuma wayar za ta yi ƙara ta sanar da kai ya kammalu, ko kana aji ko kana kan tabarmar cin abinci da iyali. Sannan ga ƙungiya. Kowane ɗan wasa yana shiga wata runduna ta mutane, a shirya yaƙi na yini guda da wata runduna, kowa da harin da ake jira ya kai. Abokan nan suna iya kasancewa a Indonesiya ko Turkiyya ko Burazil, ranarsu darenmu ne. A nan ne abin ya fi ba mu tausayi. Halayen da muka raini 'ya'yanmu a kansu, cika alkawari da jin kunyar ba da mutane, su ne igiyar da aka ɗaure su da ita. In uba ya ce ajiye wayar nan, yaron ya ce ba zai iya ba ana jiran sa, ba ƙarya yake yi ba. Ana jiran sa ɗin.

Shiga kyauta ne, a ciki ake biya. Wanda ya gaji da jiran gini ya kammalu sai ya sayi duwatsun wasa da kuɗi na gaske ya tsallake jiran. Wato an ƙirƙiro maka ƙishirwa sannan aka kafa rumfar sayar da ruwa. Wasu wasannin kuma suna sayar da akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da za ka samu a ciki ba. Tun a shekarun 1950 masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner na Amurka ya nuna, da gwajin da ya yi a kan tattabaru da ɓeraye, cewa ladar da ba a san lokacin zuwanta ba ta fi kowace irin lada sa a nace. Da wannan sirri gidan caca yake ci. Ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne a dokarta. A watan Disamba na 2022 kuma kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kula da ciniki ta Amurka, kusan rabin kuɗin na mayar wa mutanen da aka ja su suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Yaron da ya saba da bugun zuciyar buɗe akwatin sa'a tun yana ɗan shekara 12, tazarar da ke tsakaninsa da shagon cacar ƙwallo ba ta da yawa.

Likitoci sun daɗe suna gardama a kan ko wannan jaraba cuta ce. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ta a 2013 cikin abubuwan da ke bukatar ƙarin bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta wuce nan: ta shigar da ita cikin kundinta na cututtuka bugu na 11, wanda aka amince da shi a watan Mayu na 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Abin lura shi ne hukumar ba ta ƙirga sa'o'i ba. Alamomi uku ta kafa. Mutum ya kasa riƙe linzamin wasan, ba shi ke yanke lokacin farawa da na tashi ba. Wasan ya hau gaban sauran al'amuran rayuwarsa. Sannan ya ci gaba, ko ma ya ƙara, alhali yana ganin ɓarnar da idonsa. Aka kuma ce sai abin ya yi illa ta zahiri ga karatu ko aiki ko zaman iyali, kuma galibi ya ɗauki wata 12 ana gani. Da harshenmu, ma'aunin shi ne ko dara ta fara cin gida.

Kada kuma tsoro ya kwashe mu. Wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna masu wannan lalura ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Mafi yawan yaranmu za su yi wasansu su girma su bar shi, kamar yadda muka bar langa. Labarai irin na saurayin nan ɗan shekara 28 da ya faɗi ya mutu a birnin Daegu na Koriya ta Kudu a 2005, bayan kusan sa'a 50 yana wasan StarCraft a shagon intanet, ba kullum ake samun su ba. Asarar da ta fi yawa shiru take zuwa. Mai yin sa'a 4 kullum ya ba wasa sa'a 1,460 a shekara, kwatankwacin kwanakin aiki 182 na ma'aikacin da ke yin sa'a 8. Kuma yawancin sa'o'in daga barci ake yanko su, alhali likitoci sun ce matashi yana bukatar sa'a 8 zuwa 10 a dare.

Wa abin ya fi kamawa? A nan wasan dabara ya bambanta da sauran abubuwan da muke tsoro. Mun saba sa ido a kan yaron da ke yawon dare da wanda idonsa ya yi ja. Wannan kuwa yaron kirki yake kamawa, mai shiru, mai kai, wanda ba ya fita. Uwa tana alfahari ɗanta kullum yana ɗaki. Uba ya leƙa ya ga taswira da lambobi da rubutun Turanci a fuskar kwamfuta ya ja ƙofa a hankali kada ya katse masa karatu. Ba a farga sai sakamakon jarrabawa ya fito, ko a ji an ce ya maimaita shekara, shi da ake sa ran zai ɗauki nauyin ƙannensa.

Mu kuma manya kada mu yi ta kallon yara kamar mu mun tsira. Da yawa daga cikinmu aiki ya ajiye mu a Abuja ko Legas ko Fatakwal, iyali suna Sakkwato. A tashi ofis, a sha cunkoson hanya, a shiga ɗaki ba mai cewa sannu da zuwa. Ba majalisar ƙofar gida, ba ɗan'uwan da zai leƙo. Waya ce abokiyar hira. Akwai magidanta masu furfura da ke shugabantar runduna a Lords Mobile, suna tsallake kiran uwargida saboda ana tsakiyar yaƙi, suna isa ofis ido a kumbure. In sun zo hutun salla jikinsu ne a tsakar gida. Matan ba su da sunan da za su kira wannan kishiya da shi, amma sun san da ita.

Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa wasan ba shi ne asalin ciwon ba, mafaka ce. Likitoci sun lura jarabar wasa takan zo tare da baƙin ciki mai nauyi, ko fargaba, ko matsalar rashin tattara hankali. Ku dubi matashin da ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya shekara uku yana kai takarda ofis-ofis. A duk rayuwarsa wuri ɗaya ne ya rage inda ƙoƙari ke haifar da sakamako ba tare da sanin wani ba: in ya yi aiki garinsa ya bunƙasa, in ya yi dabara a ƙara masa girma, mutum 40 suna kiran sa shugaba. Da safe kuma sai ya roƙi kuɗin data wajen mahaifiyarsa. Wanda zai raba shi da wannan daula ba tare da ya miƙa masa wani abin riƙewa ba, ya shirya wa dogon faɗa.

Wasu ƙasashe sun gwada ƙarfin doka. Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shidan safe a 2011, ta kuma soke dokar a 2021, bayan wasan ya koma waya inda dokar ba ta kai ba. Ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 minti 90 a ranakun makaranta a 2019, sannan a 2021 ta mayar da shi sa'a 1 kacal, daga takwas zuwa taran dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Duk da haka wani bincike da aka buga a 2023 bai ga alamar cewa dokar 2019 ta rage masu wuce gona da iri ba; yara kan ari sunan manya su shiga. In gwamnatin Sin da duk ƙarfinta ba ta iya da umarni kaɗai ba, uban da ke ganin tsawa ɗaya za ta wadatar ya sake lissafi.

To me za a yi? Fasa waya a ƙasa shi ne abin da zuciya ke fara rayawa, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Yaron zai ari ta abokinsa, garinsa na nan a ajiye a intanet yana jiran sa, abin da aka fasa kawai shi ne hanyar magana tsakaninsa da mahaifinsa. Aikin da ke gabanmu shi ne mu mayar wa wasan shingayen da dara take da su, waɗanda masu ƙera shi suka cire da gangan.

Tunda wasan ba zai kawo wurin tsayawa ba, sai a kawo shi daga waje, kuma a yanke shi kafin a fara, lokacin da hankali ke jiki. A ce ƙarfe tara, kada a ce in na gama wannan yaƙin. A sa agogo mai ƙara a nesa, inda sai an miƙe tsaye za a kashe shi. Waya ta kwana a falo ko ɗakin uwa wajen caji, ta kowa da kowa, har da ta maigida, domin yaro ba ya bin dokar da mai kafa ta ke karyawa a gabansa. A kashe sanarwar wasan. A cire katin banki daga wayar. Akwai manhajojin da ke taimakawa, Family Link a wayoyin Android da Screen Time a iPhone, masu nuna sa'o'in da aka ci da kuma rufe wasa in lokaci ya cika. Sau da yawa ganin adadin kawai yakan girgiza mai shi. A fito da kwamfuta inda ake wucewa. Kuma a bambanta tsakanin wasa da wasa: wanda ake karawa a gama cikin rabin sa'a ya fi sauƙin riƙewa nesa ba kusa ba a kan wanda duniyarsa ba ta rufewa.

Wanda ya yi nisa a irin na ƙungiya, taƙaitawa ba kasafai take yi masa aiki ba, domin wasan da kansa yana hukunta mai ragewa. Irin wannan gara ya fita gaba ɗaya, kuma ya fita ta ƙofa: ya yi wa abokan rundunarsa sallama, ya miƙa shugabanci ga wani, ya sauke amanar da yake ji a wuyansa. Sannan ya rufe asusun kansa, domin goge manhaja kawai minti biyar ne a dawo da ita. Makonnin farko za a ga ƙunci da saurin fushi da zaman rashin abin yi. Iyali su san haka tun da wuri, kada su ɗauka abin ya ƙara lalacewa. In ya koma sau ɗaya kuma ba a ce an fasa ba.

Akwai abu ɗaya da muke roƙon iyaye su gwada kafin kowace doka, ko da zai yi musu nauyi. Ku zauna kusa da yaron ku ce ya nuna muku daularsa, ya bayyana muku dalilin da ya sa ya kafa gari a nan bai kafa a can ba. Za ku ji basirar da ba ku san yana da ita ba, shi kuma zai ga an ɗauke shi mutum. Daga nan hanya a buɗe take. Mu Sakkwatawa ba mu rasa abin da za mu ba mai son dabarar yaƙi da mulki ba. Yaron da ya ci Gobir sau goma a kwamfuta, an taɓa kai shi ya ga kufan Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808? Ya san inda Tafkin Kwatto yake, inda aka gwabza a 1804? Ya ga ganuwar dutse ta Surame, birnin Kanta na Kabi? An taɓa shiga da shi gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke cikin garin nan, ko a sa masa Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello a hannu, ya ga yadda wanda ya jagoranci yaƙin da kansa ya ba da labarinsa? Wani yaron kuma abin da ke jan sa shi ne yadda aka ƙera wasan. Irin wannan a kai shi ya koyi rubuta manhaja, ya koma cikin masu ginawa.

Za su ce muku ai ana samun kuɗi da wasa, kuma gaskiya ne. Gasar da aka yi a Riyad ta Saudiyya a 2024 an raba kyautar da ta haura dala miliyan 60. Amsar ita ce irin wadda muke ba mai son zama ɗan ƙwallo: dubban yara ne ke buga ƙwallo a filayen garin nan, nawa ne suka ci abinci da ita? Kuma masu cin waccan kyauta suna da koci da jadawali da lokacin barci.

In an yi duk wannan abin ya faskara, ko aka ga yaro ya daina wanka da cin abinci da mutane, ko ya fara ɗaukar kuɗin da ba nasa ba, ko ya yi maganar gajiya da rayuwa, to lokacin likita ya yi, kuma wannan ta ƙarshen ba a kwana da ita. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, muna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na Kaduna suna da na Barnawa, na Legas suna da na Yaba. Mun san yadda sunan Kware ya zama abin tsokana a bakin yaranmu, kuma wannan tsokana ta hana mutane da yawa neman taimako. Ingila ta buɗe cibiya ta musamman domin masu jarabar wasa a Landan tun 2019, ba wanda ya kira masu zuwa can mahaukata. Maganin da aka fi samun nasara da shi ma na zama ne da tattaunawa, inda ƙwararre ke taimaka wa mutum ya gano abin da ke tura shi ga wasan ya sauya yadda yake tunkarar sa, tare da duba ko akwai wani ciwon a ƙarƙashi.

Saura magana ɗaya da ta shafi mu mazauna birane kai tsaye. Yawancin manyan wayoyin da ke hannun yaran gida mu muka aiko da su. Mu ne kawu da baffa da yaya da ake kira a ce data ta ƙare, mu tura ba tambaya, muna jin mun yi zumunci. Tun da aka koma yin jarrabawar JAMB a kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ba mai cewa a raba yaro da na'ura, kuma ba mu ce a daina aikowa ba. Amma wanda ya ba da doki shi ya kamata ya haɗa da linzami. Kafin waya ta bar hannunmu a saita ta, a yi magana da iyayen yaron a kan inda za ta riƙa kwana, in an kira neman data a tambayi ta makon jiya ina ta tafi.

Muna kuma ba kwamitin matasa shawara guda biyu su duba kafin taro mai zuwa. Ta farko, kowane reshe ya ware yamma ɗaya a wata da 'yan'uwan da ke zaune su kaɗai za su haɗu su ci abinci tare. Ta biyu, a hutun babbar salla, lokacin da yawancinmu ke gida, a shirya gasar dara tsakanin dattawa da samari, a nemo tsofaffin gwanaye daga cikin gari tun suna da rai su koyar, a gayyaci sarakunan Clash of Clans su zo su gwada dabararsu a kan gurbi 30. Kuɗin da za a kashe bai wuce na tabarmi da ruwan sha ba, tsakuwa da kara kuwa akwai su a bayan wannan zaure.